Yadda Aka Rubuta Nomau Cikin Masu Ƙoshi

Kai mai farar hula, na ji abin da ka raɗa wa na kusa da kai lokacin da nake shigowa. Wai aikin ƙididdiga ai danne-dannen waya ne, ka tambaya, ka danna, ka hau babur ka koma gida. Kada ka sunkuyar da kai, ba kai kaɗai ba ne, duk wanda aka kawo mini horo da wannan tunanin yake zuwa. To ku kife wayoyin nan a kan benci ku ba ni kunnuwanku. Sunana Sanda. Na ƙarar da ƙuruciyata ina auna amfanin gona tsakanin Anka da Gummi da Bukkuyum, tun ina taka keke har gwiwa ta ce ta gaji, kuma gobe ku za a tura ƙauyukan da na saba shiga. Wallahi ba zan bari ku tafi da wannan rainin a cikinku ba.

Aikina na farko wata gonar dawa ce a bayan Gummi, ina biye da maigidana Malam Arzika, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinmu duka buhu ɗaya ya ɗauke su: igiya mai ƙulle-ƙulle, turaku huɗu, 'yar wuƙar yankan zangarniya, sikeli mai ƙugiya, da fensir da ya ɗaure da zare a wuyansa don kada in ɓatar. Muna shiga na miƙe zuwa inda shanun Fulani suka yi rani, wurin da dawa ta yi baƙi ƙirin ta fi ni tsawo. Sai na ji an fizgo rigata ta baya.

"Ina za ka?"

Na ce, "Malam, ga inda ta yi kyau."

"Gonar duk haka take?"

Bai jira amsata ba. Ya juya wa gonar baya, ya wurga sanda ta kan kafaɗarsa, ta je ta faɗa wani fako inda dawar ba ta wuce ƙugu ba. Ya ce nan za mu kafa turaku. Na ce ai mun zalunci mai gona. Ya ce idona kore yake so, ita kuwa sanda ba ruwanta da kowa, kuma gobe a wata gonar za ta faɗa wuri mai kyau. Haka yake yi wajen zaɓen gidaje ma. Sunayen magidanta a 'yan takardu, a zuba a hula, a girgiza, wani ya sa hannu ya ɗebo. Bai taɓa yarda mai gari ya zaɓa mana ba. In mai gari yana son a yabi garinsa zai kai ka gonar surukinsa, in kuma ya ji ƙishin-ƙishin ɗin taimako zai kai ka gonar gurgu. Kowanne ya yi maka, ka tashi a banza.

Da yamma a gindin wata tsamiya ya koya mini cewa amsa iri biyu ce, kuma wanda ya haɗa su a kwano ɗaya bai san aikinsa ba. Akwai amsar da take faɗa maka iri: gero ne ko dawa ko maiwa, fadama ce ko tudu, da shanu aka yi huɗa ko da hannu. Wannan tsakuwa yake tara mata, kowane iri da tsibinsa, mu ƙirga mu ga wane tsibi ya fi, sannan mu ce kashi kaza cikin ɗari. Kuma dole ka faɗi mutum nawa ka tambaya, don na taɓa ganin wanda ya rubuta rabin manoma sun bar noman wake, ashe mutum biyu ya tambaya a tasha. Akwai kuma amsar da take faɗa maka yawa: dami nawa, kilo nawa, baki nawa ke ci a gidan. Ita ce ake tarawa a raba. Kwanan baya wani yaro irinku ya sa wa gero lamba ɗaya, dawa biyu, maiwa uku, ya danna, kwamfuta ta ba shi biyu da rabi, ya kawo mini yana washe baki. Na ce masa, don Allah wace shuka ce biyu da rabi? Dawa ce mai kan maiwa? A wace kasuwa ake sayar da irinta? Kwamfuta ba ta jin kunya, duk abin da ka zuba mata za ta niƙa ta miƙo maka.

Ga amsar yawa kuwa, kara yake yanka. Kowace gona da nata karan, kowane dami faɗin yatsa guda. Sai ya jera su a ƙasa daga gajere zuwa dogo, ya ce in tsuguna in duba. Ina mafi gajarta? Ina mafi tsawo? Tazarar da ke tsakaninsu fa? A ina suka yi cincirindo? Sannan ya ɗora yatsa a kan wanda ke tsakiyar layi, wanda rabin karan ke ƙasa da shi rabi ke sama, ya ce wannan shi ne manomin garin, shi za ka fara kallo. Ni kuwa na fito daga makarantar aikin gona da lissafin tara-ka-raba a kaina, na ce ai matsakaici ake nema. Bai yi mini musu ba. Ya tashi ya ciro wata doguwar gora daga jikin danga, ya shimfiɗa ta a ƙarshen layi a matsayin gonar wani mai hali, ya ce, "Tara ka raba yanzu." Na tara na raba, lissafi ya yi tsalle ya wuce kan kusan kowa a layin. Yatsansa kuwa bai gusa daga inda yake ba sai da ɗan kaɗan. Ya ce duka biyun suna da amfani, amma in akwai gora a layinka, kada ka kai wa kowa tara-ka-raba shi kaɗai. Ya kuma hana ni jera fadama da tudu a layi ɗaya. Layi biyu ake yi, a gwada tsakiya da tsakiya, tazara da tazara. Ko damin ma ba a yarda da shi haka nan, don damin Gummi ba shi ne damin Bukkuyum ba, sai an sussuke guda an rataya a sikeli.

Hular ɗebo sunayen nan ce ta haɗa ni da Nomau. A wata tunga ce bayan Nasarawa Burkullu, inda in damina ta zauna sai ka sauka ka ɗauki kekenka a ka. Sunansa ya fito, na je, kuma tun daga nan kowace kaka ina gonarsa. Manomin tudu ne, gero da wake, ba shi da fadama ko taku ɗaya. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son magana, amma in ya riƙe maka bakin igiya ba ya sakin ta sai ka ce. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta raɗa mini suna Mai Igiya, kuma ba ta bari in tafi ban sha fura ba. A ɗakinta ake rataye irin gidan. Wani gero ne mai gajeren kai mai saurin nuna, wanda suka gada tun daga kakan Nomau, kuma ya san ƙasar tungar kamar yadda mutanenta suka san ta. Kowace shekara Nomau zai zaɓi zangarniya mafi cika ya ɗaure, Inna ta rataye saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ko jika ya miƙa hannu wurin sai ya sha muciya.

To ga abin da ba a rubuta a wayoyinku ba. Manomin ƙasar nan ba ya kushe abin da Allah ya ba shi, balle a gaban baƙo. Ko gonarsa ta ƙone ƙurmus, ka ce masa yaya amfani, zai ce Alhamdu lillahi. Wanda rumbunsa ya cika har yana tsagewa shi ma abin da zai ce ke nan, da murya ɗaya. Ba ƙarya suke yi ba, godiya suke yi, kuma tarbiyyarsu ce. Saboda haka Malam Arzika bai taɓa tambayar mutum ko amfani ya yi kyau ba. Sai an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi, an zauna har tabarma ta yi zafi, sannan ya ce, "Bara hatsinka ya kai ka faɗuwar ruwa?" In an ce ya kai, sai ya ce, "Na bana fa, ina kake ganin zai tsaya?" Kuma yana tambaya yana sauraren cikin gida, ko akwai ƙarar taɓarya. Rumbun mutum ba a leƙawa, amma gidan da ake daka ba ya ɓoyuwa.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke. Lokacin Malam Arzika ya riga ya rasu. Gero ya fitar da kai, ya fara bununi, sama ta bushe tas. Mutane suka yi roƙon ruwa har muryoyi suka dushe. Da kaka aka yanka, aka ɗaure dammuna, daga nesa ka ce an samu, amma in ka murza zangarniya a tafin hannu ka hura, sai ka ga ba abin da ya rage. Aka ce za a kawo hatsi da iri na taimako, sai dai ba zai ishi kowa ba, dole a jera garuruwa a fara da waɗanda suka fi shan wuya. Wannan ba laifi ba ne, aikinmu ke nan, don irin ranar aka ɗauke mu. Ni aka tura ni ɓangaren Gummi. Ƙauyukan Bukkuyum kuwa, inda tungar su Nomau take, don a gama da wuri, aka ɗebo wasu 'yan wucin gadi aka zuba su a mota aka ba su takardar tambayoyi.

Da aka haɗa sakamako a ofis na bi jerin da ido ina neman tungar su Nomau a can ƙasa, cikin mabukata. Ban gan ta ba. Na hau sama, na hau sama, sai ga ta cikin garuruwan da aka ce sun tsira. A gefenta an rubuta kusan kowa ya ce amfani ya yi kyau, matsakaicin dami kuma ya fi na wasu garuruwan bakin gulbi. Tungar da babu rijiyar kirki! Na ce a ba ni takardun ɗaya bayan ɗaya. Na yanka 'yan tsinken tsintsiya a kan tebur na jera su yadda aka koya mini. Duk gajeru ne, cunkushe wuri ɗaya, sai guda ɗaya da tsintsiyar ma ba ta isa ba. Wani Alhaji ne mai gandu a bakin tungar, yana da fadama a can gangare da injin ban-ruwa. Shi bai yi laifi ba, an tambaye shi ya faɗi gaskiya. Amma an ɗauki hatsinsa an raba wa maƙwabtansa a kan takarda, kowa ya samu rabo mai tsoka, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga rumbunsa ba.

Washegari na hau babur. Na tarar da tungar shiru da hantsi, lokacin da ya kamata ƙarar daka ta hana ka jin sallama. Inna na zaune tana tsinkar busasshen ganyen tafasa a faifai.

Ta ce, "Mai Igiya, bana ba ka taho ba. Wasu na sunka taho da mota. Ko zamnawa ba su yi ba."

Na tambayi Nomau yadda aka yi. Ya ce a ƙofar gidan Alhaji suka tsaya, don nan ne mota ke iya juyawa, aka tara magidanta, ana karanto musu: mai kyau, tsaka-tsaki, ko mara kyau?

"Kai kuma ka ce me?"

"Munka ce Alhamdu lillahi."

"Nomau! Ba ka ga taimako za a raba da wannan amsar ba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Malam Sanda, mi kaka so in ce? In tashi gaban baƙi, gaban jama'a, in ce Allah bai ba ni ba? Ya ba ni. Ga shi nan, kaɗan na."

Shi bai karya wata ƙa'ida ba, mu muka karya tamu. Muka sussuke dami guda na rataya a sikeli, allura ko motsin kirki ba ta yi ba. Na zagaya gidajen da suka yarda, na auna, na rubuta. Kafin in tafi Inna ta kira ni ɗakinta ta nuna mini sama. Irin na nan rataye, baƙi da hayaƙi. Ta ce jikokinta sun fara kallonsa, ita kuma tana kwana da muciya a gefenta. In hatsi ya zo ko kaɗan ne, wannan zai kai damina. In bai zo ba, ba ta san ranar da hannunta zai gaji ba. Na ce mata zan kai magana.

Na kai. Na shiga wurin shugabanmu da layi biyu a takarda, na tudu daban, na fadama daban, na nuna masa na tsakiya, na nuna masa inda gorar take. Mutum ne mai ilimi, kallo ɗaya ya yi ya gane, har ya dafe kai. Sannan ya ce, "Malam Sanda, gaskiyarka. Amma jerin ya riga ya tafi sama, an sa hannu, an yi wa motoci lodi. In na buɗe don tunga ɗaya, kowane gari zai zo da nasa kukan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to su zo! In akwai wata gorar a wani layin, ai gara mu gan ta yanzu."

Ya ce lissafin da aka yi ba kuskure a cikinsa, an tara daidai an raba daidai. Nan ne na ɗaga murya, har masinja ya leƙo. Na ce na san an tara daidai, yaron firamare ma ya iya tarawa, abin da aka ɗauke mu mu yi shi ne mu san abin da ya kamata a tara da abin da bai kamata ba. Na ce an tambayi mutane tambayar da tarbiyyarsu ba za ta bari su amsa ba, an mai da godiyarsu ta zama shaidar ƙoshi. Ya bari na gama, ya ce zai rubuta wasiƙa. Ina jin ya rubuta. Motoci dai suka bi ta Nasarawa Burkullu suka wuce, ba wadda ta karya zuwa tungar.

Da ruwan farko ya sauka na koma. Inna ta ɗaga mini labulen ɗakinta ta koma gefe. Igiyar da ake rataye irin na nan tana lilo saman murhu, ba komai a jikinta. Wallahi har yau in na tuna igiyar nan raina ɓaci yake yi, kuma ba na son ya daina ɓaci.

Nomau ya samo gero a kasuwa ya shuka, wanda ba wanda ya san asalinsa. Ya yi tsawo, ya yi ganye, ruwa ya ɗauke bai gama nuna ba, don ba na ƙasar ba ne. Shekara biyu a jere ke nan. Daga nan ya bi samarin tungar zuwa wajen masu fasa dutsen zinariya, gonar kuma ta koma hannun Alhaji, ya haɗe ta da gandunsa. Ba shi kaɗai ba, gidaje da dama haka suka yi. Kun san abin da ya biyo baya? Da ƙananan manoman suka fita daga layi, tara-ka-raba na tungar ya ƙara hawa. Da idona na ga rahoton da ya ce noma ya bunƙasa a wurin. Aka kawo mini in sa hannu, na ture shi.

Yanzu kuma da hanyoyi suka zama abin tsoro, na ji ana cewa a zauna a gari a riƙa buga waya. To, na yarda rai ya fi komai, kuma ba zan tura ɗan kowa inda ba zai dawo ba. Amma ku tambayi kanku wa ke da waya a tunga, wa ke da caji, wa ke da hawa tudu ya nemi sabis. In shi kaɗai kuka samu, ku rubuta ƙarara cewa masu waya kuka tambaya, kada ku ce garin ne ya amsa. In kuma kun isa wurin da ƙafarku, ku wuce inda mota ke juyawa. Ku zauna. Ku raba iri da yawa, ku raba tudu da fadama, ku jera lambobinku ku kalle su da idonku kafin ku bar na'ura ta dunƙule muku su zuwa guda ɗaya. Kai mai farar hula, wayarka ta fi karan Malam Arzika sauri, ban musa ba, za ta zana maka layin kafin ka ƙifta ido. Amma sai ka ce mata ta zana.

Bara na gamu da Nomau a kasuwar Anka. Da farko ban gane shi ba, faɗin ƙirjin nan ya tafi, gashin girarsa fari fat da ƙurar dutse, yana tari yana dafa bango. Shi ya gane ni, ya ce, "Mai Igiya!" Muka riƙe hannun juna muka daɗe. Na tambayi Inna, ya ce ta rasu. Na tambayi yara, ya ce suna nan warwatse wurin dangi. Sai bakina ya suɓuce, ni da na fi kowa sanin ba a yin wannan tambayar, na ce, "To yaya rayuwa, Nomau?"

Ya gyara tsayuwa, ya haɗiye tarin, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ku ɗauki wayoyinku. Ku buɗe tambaya ta farko, ga gurabe uku nan: mai kyau, tsaka-tsaki, mara kyau. Gobe wani zai tsaya a gabanku ya faɗi abin da Nomau ya faɗa mini, da irin muryarsa, yana kallon idonku. Kai mai farar hula, nuna mini inda za ka danna.